Tikitin Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa: Wa Ake Daidaita Wa?

A watan Yunin 2025 wani taron jam'iyyar APC na shiyyar Arewa maso Gabas ya watse a Gombe ana jifa da kujeru. Dalili kuwa shi ne, wasu shugabannin jam'iyyar sun miƙe sun ce sun tsayar da Bola Tinubu ya sake yin takara a 2027, amma ba su ambaci sunan Kashim Shettima ba. Abin da ya tayar da ƙura ke nan, kujerar mataimaki. Kuma haka abin yake duk sanda zaɓe ya ƙarato. A teburin mai shayi na bakin Sharada, da inuwar katangun Bompai, da tashar masu adaidaita sahu ta hanyar Challawa, za a tarar da samari jijiyar wuya a waje suna musu: wa za a ɗauka, Musulmi ko Kirista, ɗan Arewa maso Yamma ko ɗan Arewa ta Tsakiya? Da yawa cikin masu wannan musu, masaƙar da ta ciyar da gidajensu tana nan bayansu a garƙame, ciyawa ta fito a tsakar farfajiyarta.

Ya kamata ɗan'uwa mai karatu ya fara sanin mene ne wannan daidaita tikitin da ake ta faɗa. Sashe na 142 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ɗan takara sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsu, bai ambaci addini ba, bai ambaci ƙabila ba. Sashe na 134 kuma ya ce ba ya isa mutum ya fi kowa ƙuri'a, sai ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. To daga nan lissafin ya samo asali. Ɗan takara yana duba inda ƙuri'arsa ta gaza, sai ya nemo mutumin da zai cike masa giɓin. Shi ke nan. Lissafin cin zaɓe ne, ana yin sa a ɗakunan otal na Abuja da Legas, sai an gama a fito a yafa masa rigar adalci ko ta addini, gwargwadon wadda ta fi sayuwa a wannan shekara.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan lamari. A 1979 Malam Aminu Kano ya tsaya a PRP da Sam Ikoku, ɗan ƙabilar Ibo, Alhaji Shehu Shagari kuma ya tsaya a NPN da Alex Ekwueme. A wannan zaɓen Awolowo ya ɗauki Philip Umeadi, Kirista ɗan Kudu kamarsa, Azikiwe kuwa ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, Kirista ɗan Arewa. Wato tikitin masu addini ɗaya ba yau aka fara shi ba.

Amma darasi mafi girma yana cikin zaɓen 12 ga Yunin 1993. Alhaji Bashir Tofa, ɗan Kano, ya tsaya a NRC ya ɗauki Sylvester Ugoh, Kirista ɗan Kudu maso Gabas, tikiti daidaitacce yadda masu lissafi suke so. M.K.O. Abiola na SDP kuwa ya ɗauki Babagana Kingibe, Musulmi da Musulmi. Aka yi zaɓe, Abiola ya kayar da Tofa a jihar Kano kanta. Talakan Kano a ranar bai dubi garin da ɗan takara ya fito ba, ya dubi wanda yake ganin zai fitar da shi daga ƙuncin da shirin SAP na Babangida ya jefa shi tun 1986. Sai me ya biyo baya? Babangida ya soke zaɓen. A watan Nuwamban wannan shekarar Abacha ya karɓi mulki, Kingibe ya zama ministan harkokin wajensa. Abiola kuwa aka kama shi a 1994, ya mutu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998. Addini ɗaya da suka yi tarayya a kai bai riƙe tikitin ko na wata shida ba.

To wai shi mataimakin, me yake riƙe da shi? A nan ne ake ɓoye wa matasa magana. Sashe na 148 ya bar wa shugaban ƙasa ganin damarsa wajen ba mataimaki aiki, ya ba shi ko ya hana shi. Kowa ya ga yadda Obasanjo da Atiku suka ƙare, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2007 cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon tsige mataimakinsa. Amma akwai kujerun da doka da kanta ta damƙa wa mataimaki. Shi ne shugaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki suke zama. Shi ne kuma shugaban majalisar sayar da kadarorin gwamnati, bisa dokar 1999. A ƙarƙashin wannan majalisa, lokacin Atiku yana shugabantarta, aka sayar da kamfanonin gwamnati masu yawa. A ƙarƙashinta kuma, lokacin Namadi Sambo, aka sayar da kamfanonin raba wutar lantarki, aka miƙa su ga 'yan kasuwa ranar 1 ga Nuwamban 2013, KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Dukansu biyun Musulmi ne, dukansu 'yan Arewa ne. An yi wa jama'a wa'azi mai yawa a kan addininsu a lokacin kamfen, amma wa ya taɓa jin an tara ma'aikatan masaƙa an ce ku tambaye su me za su yi da wuta?

Alhali kuwa wuta ita ce ran Sharada da Challawa da Bompai. Dattawan da suka yi aiki a waɗannan wurare suna ba da labarin zamanin da ake shiga aiki kashi uku a rana, jiniya na kaɗawa, kekuna na cika titi da asuba. Masaƙu da majemu, da masu man gyaɗa, da roba, da alewa, da kwanon sha. Mutum ɗaya mai albashi yana riƙe da gida guda, mai abinci da tela da mai faci duk suna ci a jikinsa. Faɗuwar darajar Naira ta sa kayan gyaran inji suka gagara saye, NEPA ta koma kawo wuta yadda ta ga dama, masu masana'antu suka koma ga janareta da baƙin mai. A 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi, kayan waje da na fasa-ƙwauri suka cika Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka mai da su ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga Sin. Tun 1999 kowane tikitin da ya ci zaɓe yana da ɗan Arewa Musulmi a ciki, ko a sama ko a ƙasa. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ce shi zai tayar da masana'antu, sai a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, aka kuma sha ɗaga ranar gama shi.

Kada a ɗauka ana cewa zaɓen mataimaki wasa ne. Sam. A 2007 an ɗauko Goodluck Jonathan ne don a faranta wa yankin Neja Delta rai. Umaru 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, wanda aka ɗauko don cike gurbi ya wayi gari shugaban ƙasa. Gardamar karɓa-karɓa ta ɓarke, aka shiga zaɓen Afrilun 2011 da zuciya a cike, bayan zaɓe aka yi tarzoma a Kano da Kaduna da Bauchi da sauran wurare, ɗaruruwan bayin Allah suka rasa rayukansu. Waɗanda suka zauna suka ƙulla tikitin ba su rasa ko farce ba. 'Ya'yan talakawa ne aka binne. Ashe ke nan duk wanda aka rubuta sunansa a gurbin mataimaki, sai a auna shi da ma'aunin wanda zai iya hawa kujerar gobe, domin rai a hannun Allah yake.

A 2023 an sake buga gangar. Tinubu ya ɗauki Shettima, wasu suka ce jihadi ne a zaɓe su, wasu suka ce makirci ne aka ƙulla wa Kiristoci. An ji wannan a kan mumbari, an ji wancan a majami'u. Kano kuwa ta ba Rabi'u Kwankwaso ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, shi da abokin takararsa Bishop Isaac Idahosa. Tikitin Musulmi biyu ya ci a ƙasa. Ranar 29 ga Mayu, a wurin rantsuwa, aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da take ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, inda masana'antu da yawa suke, daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit. Takardar kuɗin wuta ba ta tambayi mai masana'anta sallarsa ba, haka takardar sallama da aka miƙa wa leburansa, Musulmi ne ko ɗan Sabon Gari mai zuwa coci.

Saboda haka idan 'yan kamfen suka sake shigowa unguwa da hoton mutum biyu, suna nuna hular wannan da gemun wancan, matashin da ya san ciwon kansa yana da abin tambaya. Wannan na biyun, a ina ya taɓa riƙe amana, kuma yaya ya bar wurin? Ya taɓa biyan ma'aikata albashi a kan kari? Idan ya zauna a kujerar majalisar tattalin arziki, me zai ce a kan kuɗin wutar masana'antu, da gas ɗin Kano, da yadin da ake tsallakowa da shi ta kan iyaka? Wace kadara ta jama'a yake shirin sayarwa, kuma wa zai saya? Mai yiwuwa su yi dariya su miƙo taliya da atamfa. In an karɓi atamfar, a juya bakinta a duba inda aka saƙa ta.