Darasin da ɗalibi ya ci a Zariya bai kamata ya ruɓe a hanyar Sakkwato ba

Tun shekarar 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ɗora jami'o'in Najeriya a kan tsarin kiredit. Duk wanda ya zauna a ajin jami'a ya san shi: kowane darasi da nauyinsa, wannan kiredit biyu, wancan uku, kiredit ɗaya kuwa awa ɗaya ce ta lacca a kowane mako har zangon karatu na mako 15 ya ƙare. Ɗalibi ya tara aƙalla 120 a karatun shekara huɗu, sai a ba shi digiri. Amfanin auna karatu da mudu ɗaya shi ne a iya ɗaukar abin da aka auna a kai wata kasuwa a karɓa ba gardama. To mu namu mudun a cikin gida kawai yake aiki. Kiredit ɗin da yaro ya sha wahala ya tara a jami'ar gwamnati, da zarar ya fita ƙofarta ya nufi wata jami'ar gwamnatin, ya koma abin roƙo da neman alfarma.

Kada wani ya ce na ce ba a canjin jami'a a Najeriya. Ana yi. Ƙa'idar NUC ta ce a lissafa wa ɗalibi darussan da ya ci waɗanda aka ga sun dace da sabon kwas ɗinsa, kuma dole ya yi aƙalla shekara biyu a sabuwar jami'ar kafin ta ba shi digiri. Matsalar na cikin "aka ga sun dace" ɗin nan. Wa zai gani? Da wane ma'auni? Cikin kwana nawa? Kowace jami'a da fom ɗinta da kuɗinta da makin da take nema, wani sashen ma ya ce shi bana bai karɓar kowa. Wanda ke da kawu a jami'a ya wuce, ɗan talaka a ce ya koma baya da shekara guda, ko ya sake zana JAMB kamar bai taɓa shiga aji ba.

A nan Kuala Lumpur inda nake zaune, abin da ya fi burge ni a harkar ilimin Malesiya shi ne ƙa'idar a rubuce take, da lambobinta. Hukumar tantance shaidar karatu ta ƙasar, MQA, wadda aka kafa a 2007, ta jera duk wata shaidar karatun gaba da sakandare a matakai takwas. Difloma na mataki na huɗu, da kiredit aƙalla 90. Digirin farko na mataki na shida, da aƙalla 120. Kiredit ɗaya a wajensu awa 40 ce ta ɗawainiyar ɗalibi gaba ɗaya, har da karatun da zai yi a ɗaki da aikin gwaji. Idan ɗalibi na so a ɗauke masa darasin da ya riga ya ci, tambayoyin sanannu ne. Ya samu aƙalla sakamakon C? Abin da ke cikin darasin ya yi daidai da na sabuwar makarantar da aƙalla kashi 80 cikin ɗari? Nauyin kiredit ɗin ya kai? Shirin karatun da ya fito daga ciki tantantacce ne? Wannan ta ƙarshen ma ba sai ka tambayi kowa ba, akwai rajista a intanet da kowa ke iya dubawa. Mai difloma da zai hau digiri ana iya ɗauke masa kashi 30 cikin ɗari, kusan shekara guda ke nan, har ma a kai rabi idan ya cika wasu sharuɗɗa masu tsauri.

Ba aljanna ba ce fa. Jami'ar Malaya da ke nan cikin birni, ko UKM a Bangi, ko UPM a Serdang inda 'yan Arewa da yawa suka yi digiri na biyu da na uku, kowacce na da ikon duba takardu ta ce wannan darasin bai kai ba. Wasu ba sa karɓar darasin da ya daɗe da yawa. Ɗalibai na ƙorafi a nan ma. Amma idan an hana ka, za a nuna maka sharaɗin da ka gaza cikawa, kai ma kana iya ajiye manhajojin biyu gefe da gefe ka ƙirga da kanka. Yarinyar da ta gama difloma a foliteknik ɗin gwamnati ta san tun kafin ta cike fom kusan zango nawa ya rage mata.

Su wa rashin wannan ke cutarwa a gida? Na farko mata. Wata 'yar uwata ta gama aji biyu a wata jami'ar tarayya da sakamako mai kyau, aka ɗaura mata aure, miji na aiki a wata jihar. Ta nemi komawa jami'ar tarayya da ke garin, kwas iri ɗaya. Takardar sakamakonta kaɗai ta ɗauki watanni kafin ta fito, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ba. Da ta iso, aka ce lokacin karɓa ya wuce, ta dawo baɗi, kuma aji biyun za ta maimaita. Kafin baɗin ga ciki, ga goyo. Yau shekara shida ke nan, karatun na nan inda ta bar shi. Ina da tabbacin kowane mai karanta wannan ya san mace irinta a danginsa. Muna ta wa'azin a bar 'ya'ya mata su yi karatu, alhali tsarin da kansa na cewa ko dai ki zauna gari ɗaya shekara huɗu cur, ko ki yi asarar abin da kika tara.

Sai maganar tsaro. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. A watan Oktoba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta koma ba, wa zai ga laifinsa? Amma ina zai kai ta da karatun shekara biyu ko ukun da ta yi? Haka nan yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas yara na zaune a gida. Masu hali sun kwashe nasu zuwa jami'o'in kuɗi ko ƙetare, wasu sun yarda sun fara daga farko don kawai su san ranar gamawa.

Mu ma'aikatan jinya kuwa abin ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya ta gwamnati, ya ci jarrabawar majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, ya samu lasisi, ya yi shekaru yana kwana a kan marasa lafiya. Ranar da ya nemi digiri, yawancin jami'o'i aji biyu za su sa shi a karatun shekara biyar. Shekara uku an lissafa masa ita a matsayin ɗaya. Zai zauna ya sake koyon yadda ake auna hawan jini tare da yaran da jiya suka bar sakandare, alhali asibitin garinsu na kukan rashin ma'aikata. Malesiya ta ma wuce nan, tana da tsarin da take kira APEL, inda ake tantance ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki a mayar masa da ita kiredit. Mu ko tsakanin hukumominmu uku, NUC mai jami'o'i, NBTE mai foliteknik, NCCE mai kwalejojin ilimi, ba a gama shiri ba. A 2023 NBTE ta sanar da shirin shekara ɗaya na ɗaga babbar difloma zuwa digiri ta hanyar jami'o'in waje, NUC ta fito ta ce ba da ita aka yi ba. Hukumomi biyu a ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, ɗalibi na tsakiya yana kallo.

Abin da ya nuna za a iya idan an so shi ne yaƙin Sudan. Da rikici ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu, da yawansu 'yan Arewa masu karatun likita, JAMB ta fitar da tsarin gaggawa na shigar da su jami'o'in gida. Bai tafi sumul ba, amma an zauna an rubuta hanya. To don Allah sai bam ya tashi za a rubuta wa ɗan Gusau tasa?

Na san abin da malamanmu na jami'a za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Za su ce jami'o'i ba ɗaya suke ba, wata ta fi wata malamai da kayan aiki, kuma sunan jami'a ne ke kan digiri, dole ta kare mutuncinta. Za su tuna mana da ɗan jaridar Daily Nigerian da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a farkon 2024. Za su ce kwasa-kwasai irin likitanci da jinya na da adadin da hukumomin sana'a suka ƙayyade, ba a wuce shi. Batun gurbi gaskiya ne, babu wanda ya ce a cusa ɗalibi inda ba kujera. Amma ni zancen jami'o'in gwamnati nake yi, waɗanda NUC da kanta ke tura tawaga ta tantance kwasa-kwasansu. Idan ta ce kwas ɗin kimiyyar sinadarai na wannan jami'a ya cika sharaɗi, na waccan ma ya cika, da wane dalili ɗaya za ta ƙi darasin aji ɗaya na ɗayar? Idan kuwa da gaske bai kai ba, to tantancewar ce ke da matsala, sai a gyara ta, a daina sauke fushin a kan ɗalibi.

Kuma uzurin bambancin manhaja ya ƙare tun Disambar 2022, lokacin da NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS. Kashi 70 cikin ɗari na kowane kwas iri ɗaya ne a duk ƙasar, kashi 30 kawai aka bar wa kowace jami'a ta tsara. Darussan cikin kashi 70 ɗin nan ba su ma buƙatar kwamiti. Duk wanda ya ci su a jami'ar da aka tantance, a karɓa kawai. Turai ta fara nata tsarin kiredit na bai ɗaya a 1989, shekarar da muka fara namu, yau ɗalibi na yin zango a Faransa ya kai sakamakon Jamus. Maƙwabtanmu na Nijar ma, har da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, suna kan tsarin LMD mai kiredit 60 a shekara, irin wanda sauran ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci ke bi.

Abin da nake roƙon NUC da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya bai buƙatar sabon gini ko kwangila. A rubuta mafi ƙarancin sakamakon da za a karɓa. A rubuta kashi nawa na kamanceceniya ake nema a darussan da ba na bai ɗaya ba. A sa wa'adin fitar da takardar sakamako, a riƙa tura ta daga jami'a zuwa jami'a ta intanet, a sa wa'adin ba da amsa, kuma duk wanda aka ƙi a rubuta masa dalili ya san inda zai ɗaukaka ƙara. Gwamnonin Arewa ma ba sai sun jira Abuja ba. Jami'o'in jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato na iya sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu kan darussan aji ɗaya da aji biyu tun bana.

Kafin a kai can, 'yan uwa da ke ɗaukar nauyin karatun ƙanne daga nan ƙetare, da iyayenmu a gida, ku sa yaran su riƙa adana takardar rajistar darussa ta kowane zango, da bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, da sakamakon da aka liƙa, su ɗauki hotonsu su tura muku. Idan kuma ana maganar auren yarinyar da ke tsakiyar karatu, kuma gidan mijin a wani gari yake, a je jami'ar garin a ji sharuɗɗanta da lokacin da take karɓar masu canji tun kafin a sa rana.