Giyar mota ba ta mutuwa sai ta yi kuka



Duk mai bin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, ko Maraɗi da Tasawa, ya saba ganin motar kaya tsaye a gefen kwalta. An tokare tayoyi da duwatsu, yaron mota na kwance a ƙarƙashi, mata na zaune bisa buhunan albasar Galmi da kwandunan tumatir, rana na dukan su. In ka tambaya, sai a ce giya ta ƙi shiga, ƙaddara ce. Ba mu musun ƙaddara. Amma akwatin giya, wanda makanikai ke ce ma buwat, ba ya lalacewa dare ɗaya. Yakan daɗe yana kuka kafin ya tsaya, sai dai ba a saurare shi ba.

Wani zai ce wannan magana ta direba ce da makanike, mi ya haɗa ta da mai saida barkono? Abin da ya haɗa su shi ne asara. In mota ta kwana a daji, direba zai sami gyara ya ci gaba da aikinsa, amma tumatirin da ya ruɓe ba ya dawowa, kuma ranar kasuwa in ta wuce sai wani sati. Da yawa daga cikin waɗannan motoci, Hilux da Land Cruiser da tsofaffin Peugeot, na ƴan kasuwa ne, su suka ɗauki direba aiki. Wanda kuɗɗinsa ke cikin mota ya kamata ya san kukanta.

Ga kaɗan daga cikin alamomin, kunne da hanci sun isa a gane su. In mota na tsaye, direba ya taka kuloci har ƙasa amma giya ta ɗaya da ta baya suna gurzawa kafin su shiga, galibi laifin kuloci ne, ba ya sakin inji sosai. Wani lokaci ɗan man da ke tura shi ne ya ragu, ko iska ta shiga bututunsa, gyaran kuma ba ya da tsada. In kuwa giya guda ce kaɗai ke gurzawa, kamar ta biyu ko ta uku, to zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora ne ya cinye. In sandar giya na fita da kanta ana cikin tafiya, har direba ya koma riƙe ta da hannu ko ya ɗaure ta da roba, haƙora sun ci, ko robobin da ke riƙe inji da akwatin sun yage. In an zo hawa, inji na ƙugi amma mota ba ta ƙara sauri, ga warin ƙauri na tashi, faifan kuloci ya ƙare. In kuma mota na tsaye inji na aiki, ana jin wani gunji da ke ɓacewa da zarar an taka kuloci, boris ɗin da ke cikin akwatin ne ya fara ci.

Amfanin sanin wannan biyu ne. Na farko, ki san motar da ba za ki saka kayan gwari cikinta ba. Na biyu, Alhaji mai mota kada a sa ka sayen akwati sukutum alhali kuloci ne kawai ke son gyara. Makaniken kirki sai ya tuƙa motar, ya saurara, ya duba mai, kafin ya ce a sauke akwati.

Abu biyu ne suka fi kashe giya a ƙasarmu, kuma duka biyun da hannunmu a ciki.

Na farko lodi. Ƙaramar mota irin Hilux an ƙera ta dan ɗaukar abin da bai wuce kusan tan 1 ba, wato buhu 10 na gero mai kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Ku faɗi gaskiya, buhu nawa muke ɗora mata ran kasuwa, kafin a ƙara awaki da mutane a bisa? Wannan nauyi a kan kuloci da haƙoran giya yake ƙarewa, balle cikin rairayi, inda direba ke ƙona kuloci dan ya fita. Ga kuma direbobi masu son zama a giya ta biyar da kaya niƙi-niƙi, wai suna tattalin mai. Ta biyar an yi ta dan miƙaƙƙiyar hanya da kaya marar nauyi. Ta huɗu ita ce ke miƙa ƙarfin inji kai tsaye, ita ta fi jure kaya da hawa.

Na biyu mai. Kowa ya san juyen baƙin man inji, amma man giya sai a shekara da shekaru ba a waiwaye shi ba. Alhali lita kaɗan kawai akwatin irin waɗannan motoci ke sha, kuma ga motar da ke aikin wahala cikin ƙura da zafi irin namu, bai kamata a wuce kusan kilomita 40.000 ba a canza shi ba. Galibi man giya dabam yake da na inji. A jikin galan za ku ga lamba kamar 75W-90 ko 80W-90, da GL-4 ko GL-5. A sayi wanda littafin motar ya faɗa, a rufe da hatiminsa. Man kwalba na bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, araha ce da ba ta ado.

Ranar juye, mai mota ya tsaya da kansa. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa, kada a zubar da mai sannan a tarar na gefen ya ƙi kwancewa. A dubi notin ƙasa, galibi yana da maganaɗisu: ɗan baƙin gari mai laushi ba komi ba ne, amma in an ga ɓarɓashin ƙarfe, ciwo ya yi nisa. In man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, abin da ke faruwa da damina in an ratsa gulbi ko kwazazzabo. A canza shi nan take. Sabon mai kuma a zuba har ya kai bakin ramin gefe. In ana ganin ɗigon mai a inda mota ta kwana, a gyara robar da ke yoyo, dan sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In kuma abin ya riga ya faru a hanya, kada a ja motar da igiya tafiya mai nisa haka nan. In inji ba ya aiki, mai ba ya watsuwa sosai cikin akwati, ƙaramin gyara ya zama babba. A kwance dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya tukuna.

Direbobi na da hujjarsu, kuma ya kamata a ji ta. Sun ce in ba su yi lodi ba, kuɗɗin mota ba ya isa mai da na tasha da abin da za a kai ma mai mota da marece. Gaskiya ne. Amma a nan ne mu ƴan kasuwa za mu yi lissafi. Ƙarin dala ashirin ko talatin a kan buhu, da asarar kwando goma na tumatir, wanne ya fi ciwo? Kayan gyara duka daga waje suke zuwa, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso. Akwatin da ke ƙarƙashin motarka yau dukiya ne, a riƙe shi da kyau.

Dan haka muna kira ga masu motoci su ajiye ɗan littafi a mota, a rubuta rana da kilomita na kowane juyen mai, kuma su bar ƙure direba da kuɗɗin da ba ya samuwa sai da lodi. Shugabannin tasha su hana motar da giyarta ke fita ɗaukar mutane sai an gyara, dan motar da ta saki giya a gangare ba kaya kaɗai take sa wa cikin haɗari ba, har da rayuka. Ku kuma iyayenmu mata, ku da ke haɗa kuɗɗi ku ɗauki shatar mota guda, kuna da bakin magana. In mota ta cika, ku ce ta cika, a jira ta gaba. In kun ji tana gurza tun daga tasha, ku sauke kayanku tun ana cikin gari.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.