DARA TA CI GIDA

Daren Talata, wajen mai shayi a Fagge, na tarad da gardama ta yi zafi tsakanin wani dattijo gwanin dara da wani yaron shago na Kantin Kwari. Yaron yana nuna wa mutane wayarsa, ga wani jarumi mai tashi sama kamar shirwa. Ya ce wannan jarumin shi ne, kuma kowane dare yakan haɗu da abokansa na Legas da na Amurka ta intanet su yaƙi azzalumai. Dattijo ya ce, "Yaro, wasan da sai ka biya kafin ka zauna ai haraji ne." Yaro ya ce, "Baba, ku dai kun saba da tonon ƙasa." Aka yi dariya, ni kuwa na tafi gida da maganar a raina.

Jama'a, ku dubi dara. Gurbi talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da kara, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Dokarta tana bakin kowa. In wani ya yi zamba, 'yan kallo su ne alƙalai, nan take a kunyata shi. Ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya ce yau ya rufe dara.

Wasan yaron kuwa gidan wani ne. Kamfani ke da fili, shi ke da doka, shi ke sayar wa jarumi riga da makami, ranar da ya ga dama ya sa kwaɗo. An yi, ba zato nake yi ba. Wani wasan jarumai mai suna City of Heroes ya fito a 2004, mutane suka shekara takwas suna zuba kuɗi da lokaci a cikinsa, sai kamfanin NCSoft na Koriya ta Kudu ya rufe shi cikin Nuwamba 2012. Haka aka yi wa Marvel Heroes cikin Nuwamba 2017. Ɗan tebur na Sabon Gari wanda aka taɓa tasa daga bakin titi da asuba, shi ba sai an yi masa fassara ba.

Amma fa kada Baba ya ɗauka na ba shi gaskiya duka. Abota da mutumin nesa ba abin rainawa ba ce, kuma masu irin waɗannan wasanni ba ragwaye ba ne. Akwai wani wasa da ake yi a kan tebur, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974. Mutum guda yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, a jefa ƙwaya mai lamba irin ta ludo don a ga wanda ya dace. Tun shekarar 2000 kamfanin da ke da shi ya ba kowa izini ya rubuta nasa littafi bisa dokokin wasan ya sayar. Cikin Janairu 2023 sai aka ji yana shirin janye iznin nan. Masu wasa suka haɗa kai, suka riƙa janye kuɗinsu, fiye da mutum 15,000 suka amsa tambayar da kamfanin ya yi musu, galibinsu suka ce ba su yarda ba. Kafin wata ya ƙare kamfani ya janye maganarsa, har ya saki dokokin ta hanyar da ba zai iya karɓe su ba kuma. Dara ta ci gida ke nan. Su ma mutanen City of Heroes da hannunsu suka ta da wasansu, har NCSoft ya ba su izini cikin Janairu 2024.

Wannan ba sabon karatu ba ne ga mutanen Kano. A garin nan aka kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950, a kan magana guda, watau wanda doka ta hau kansa a ji ta bakinsa kafin a yi ta.

To, yaron nan na Kwari da datar da yake saye daga ɗan abin da maigidansa ke ba shi yake tashi sama. Cikin Janairu 2025 hukumar sadarwa ta Gwamnatin Tarayya ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Na tambaye shi ko an nemi shawararsa. Ya ce shi dai ya wayi gari ya ga data tana ƙarewa tun kafin jaruminsa ya sauko.