Wasiƙa zuwa ga kafintocin Gobir: kafin ku sayi kwamfutar injin sassaƙa

Iyayen gidana kafintoci da masassaƙa, da ƙannena masu walda da masu rubuta allunan shaguna, na Kurawa da Sabon Birni da Isa. Ina addu'ar Allah ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta hana mu bin hanyoyinmu cikin kwanciyar hankali.

Injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda ake kira CNC, ya shiga hirar matasanmu. Wasu a bidiyon waya suka gan shi, wasu kuma sun tsaya a kansa a manyan shagunan birni yana fitar da fure a fuskar gadon amarya, ko yana zana dagi a jikin ƙofa. Masu zuciya a cikinku sun fara tara kuɗin ƙarami, irin 3018 ɗin nan da ake kawowa daga Sin, wanda filin aikinsa bai wuce santimita 30 a tsawo da 18 a faɗi ba. Ba zai yi muku ƙofa ba, amma zai rubuta sunan shago, zai ƙawata allon zayyana na saukar karatu, kuma a kansa hannu zai faɗa kafin a kai ga babba. Abin da ke damuna shi ne tambayar da ke biyo baya: wace laftof za a saya? Sau da yawa amsar da mai shago ke bayarwa ita ce mafi tsada a kan kantarsa. Roƙona gare ku shi ne kada jarinku ya ƙare a kan laftof.

Ga dalili. A yawancin ƙananan injunan nan, ba laftof ke juya motocin ba. Akwai ɗan bod a jikin injin, mai ɗauke da wata manhaja da ake kira GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya fara rubutawa a 2009, aka kuma sake ta kyauta ga kowa. Wannan bod shi ke ƙidaya takun kowace mota, shi ke sanin inda za a rage gudu a kwana. Aikin laftof bai wuce na yaron shago mai miƙo wa maigidansa ƙusa ɗaya bayan ɗaya ba: tana tura layukan umarni ta wayar USB, bod ya karɓa ya aiwatar, ya ce a ƙaro. Manhajojin da ke wannan turawa, irin su Candle da Universal Gcode Sender da gSender, ba su da nauyi, kuma kyauta ne. Laftof mai shekara goma a duniya za ta ɗauke su ba tare da ta yi nishi ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne kada ta yi barci, kada ta yanke magana a tsakiyar aiki.

Saboda haka tambayar farko ba ta laftof ba ce, ta bod ce. Kafin ku biya ko sisi, ku sa mai sayar da injin ya ɗauko muku hoton bayan akwatin, ku ga irin kafar da ke jiki. In ƙaramar kafar USB ce kuma ya ce GRBL, to kun huta. In kuwa kuka ga faffaɗar kafa mai ramuka 25, irin ta tsohuwar firinta, to ku dakata. Wannan injin da manhajar Mach3 ko LinuxCNC yake aiki, kuma a nan kwamfutar ce da kanta take buga wa motoci taku, sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Laftof ba ta dace da wannan ba, domin an gina ta ne ta riƙa rage ƙarfinta tana ƙarawa don tattalin batir, kuma duk ɗan jinkirin da ta yi, motar za ta tsallake taku, layi ya karkace a kan katakon da kuka saya da tsada. Irin wannan inji tsohuwar kwamfutar girke yake so, mai wannan kafa a jikinta, kuma Mach3 ta wannan hanya sai da Windows mai 32-bit. Za a nuna muku wata waya mai USB a kai ɗaya da kafar firinta a ɗaya kan, a ce ta warware matsalar. Ba ta warware ba. Firinta aka yi wa ita. Abin da ke aiki shi ne ɗan akwati mai ƙwaƙwalwarsa, irin UC100, wanda ke karɓe ƙidayar daga hannun kwamfutar. Ku kuma sani Mach3 ta kuɗi ce, ta gwaji tana tsayawa a layi na 500, alhali zanen fure ɗaya yana iya cin layi dubbai.

Manyan injuna irin 1325, masu ɗaukar fallen katako sukutum, da yawansu da ɗan rimot mai waya suke zuwa, irin na RichAuto, wanda ake soka wa filasha. Mai irin wannan ba ya buƙatar kwamfuta a shago sam. Ya yi zanensa a gida, ya zo da shi a aljihu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda mai yin bidiyo a Amurka ko Jamus ba zai taɓa faɗa muku ba. Ba ku manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar tsaro. Mutum ya wayi gari ba kira, ba saƙo, sai wanda ya dace da sabis ɗin Nijar ta bakin iyaka. To akwai manhajojin zane da ba sa rayuwa sai da intanet. Easel a cikin burauza take aiki. In babu sabis, babu ita. Fusion ta kamfanin Autodesk tana da ƙarfi ƙwarai, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma dole ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci kafin ta ci gaba da buɗe muku. Wanda ya ɗora abincin iyalinsa a kan irin waɗannan a ƙasar Gobir, ranar da sabis ya ɗauke ya rufe shago. Ku nemi waɗanda ke zama a cikin kwamfutar dungurungum: Inkscape don zanen rubutu da fure, FreeCAD don abin da ke buƙatar awo, dukansu kyauta, wanda kuma ya samu hali ya sayi VCarve ta kamfanin Vectric. Ranar da kuka je birni, ku sauke su duka, haɗe da direban CH340 wanda yawancin bod ɗin Sin ba sa magana da kwamfuta sai da shi, ku zuba a filasha biyu. Ɗaya a shago, ɗaya a gida cikin akwati.

Wannan ya sa ma maganar da za a tsorata ku da ita, cewa Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ba ta da nauyi a wurinku. Gaskiya ce, amma ta shafi mai shiga intanet ne. Laftof ɗin inji ba ta shiga intanet, ba a kallon fim a kanta, ba a soka mata memorin da ya zaga shagunan tura waƙoƙi, ba a cajin wayar maƙwabci a jikinta. Na san wannan da wuya a garin da ake jin nauyin juna, amma ɗan cajin minti biyar ɗin nan yana iya yanke maganarta da bod ana tsakar yanka.

Irin da nake ba ku shawara ita ce ta hannu, daga cikin waɗanda aka yi wa ma'aikatan ofis: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude, ko HP EliteBook. Core i5, RAM mai giga 8, da ma'ajiyar SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, wanda girgizar inji ke kashewa. Ba don suna na zaɓe su ba. Ana kwance bayansu da sukundireba a share fanka, kuma batirinsu da cajarsu da madannansu suna samuwa a Beirut Road ta Kano da wurin masu gyara a Sakkwato. Mutumin da zai bi ta Goronyo ko ta Shinkafi da fargaba a ransa kafin ya kai ga mai gyara, bai kamata ya riƙe abin da sai an aika Legas neman kayansa ba. Ku guji Chromebook duk arharta, ku guji siraran nan da ba su da faffaɗar kafar USB sai an yi musu jone. Masu sayowa ta Maradi kuma su duba madannan: yawancin na can tsarin Faransa ne, harafin A yana inda muka saba ganin Q, lambobi kuma sai an danne wani maɓalli suke fitowa, ga shi aikin nan rabinsa lambobi ne.

Sai ƙura da zafi. Masu ƙera laftof galibi suna ƙayyade mata aiki ne zuwa digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano. Ƙurar MDF ta fi ta maɗaci laushi, fanka na zuƙarta ta danƙare a ciki, ga hazon hunturu a kai. Ku nisanta ta daga injin, ku ɗora ta a kan katakon da iska ke shiga ta ƙasansa, ku yi mata ɗan akwati mai buɗaɗɗen baya, ku rufe madannan da leda mai haske. Dogon aiki a bazara a bar shi sai da sassafe ko bayan la'asar.

Kuɗin da kuka rage daga laftof, wuta za ku kai wa. In janareto ya tsaya, laftof tana da batir, ba za ta ji komai ba, amma motocin za su tsaya, injin ya rasa inda bakin yanka yake. Aikin awa uku a kan katakon mutane ya zama itacen girki. Ƙaramar inbata da batir, ko sola, ita ce za ta riƙe injin, ko da na mintocin da za a ɗaga baki a tsayar da shi cikin tsari ne. Ku sa wa injin 'yan makunnan iyaka da yake komawa ya taɓa don gane mafarinsa. Da su ne za a iya ci gaba daga layin da aka tsaya. Kada injin walda ya haɗa layi ɗaya da shi. In kuma kuka ga yana yankewa da zarar motar yanka ta tashi, kada ku zargi laftof: ku sauya wayar USB da gajeriya mai kauri, mai ɗan kumburin nan a kusa da kai, ku raba hanyarta da wayar motar, ku kafa ƙarfe a ƙasa ku ɗaure jikin injin da shi.

Ranar sayayya ku tafi da bod ɗin a jaka, ko ku tafi da wanda ya iya. A kunna laftof a gabanku, a zare caja a ga ko batirin zai yi awa guda. A soka bod a kowace kafa, a girgiza wayar a hankali. Kafar da ta saki ba ta da amfani a shagon da komai ke rawa. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin wani ofishin Turai ba. Ku sa hannu a bakin fanka ku ji ko iska na fita. Kafin ku bar shagon, ku sa a kashe mata barci gaba ɗaya, a kashe tsarin da ke ɗauke wa kafar USB wuta don tattali, a kuma saita ta yadda ko an rufe murfinta ba za ta tsaya ba. Ku karɓi rasit mai lambar jikinta, saboda shingayen hanya.

Allah ya sa wa sana'a albarka, ya tsare mana hanya. Wassalam.