Sharhi: Kakar gurzar auduga a Garwa, wa ke duba ƙirjin ma'aikacin wucin gadi?

Da zarar hunturu ya kama a arewacin Kamaru, manyan motoci shaƙe da auduga kan fara jerin gwano daga ƙauyuka zuwa masana'antun gurza na kamfanin Sodecoton da ke Garwa, Marwa, Guider, Kaélé, Ngong da Touboro. Daga nan injuna ba sa samun hutu sai an shiga zafin bazara. A wannan lokaci ne ake ɗibar ma'aikatan wucin gadi, waɗanda aka fi sani da saisonniers, domin sauke kaya, ciyar da injin, ɗaure diloli da sharar fili. A ƙarshen kaka kowa kan ji ton nawa aka gurza, da kuɗin da suka shiga hannun manoma. Lissafin da ba a cika jin sa ba shi ne na lafiyar mutanen da suka yi watanni suna shaƙar ƙurar wannan auduga.

Batun ya shafi gidaje da yawa. Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke Garwa, shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin yankin: gwamnati ce ke da kaso mafi girma a cikinsa, kuma audugar da yake saye ta haura ton 300,000 a wasu kakunan baya-bayan nan. Yana da matatun man angurya a Garwa da Marwa, inda ake yin man Diamaor. A Garwa kuma akwai masaƙar Cicam, wadda aka kafa a 1965, sannan a Figuil akwai masana'antar siminti ta Cimencam. Bahaushe, Bafulatani, Bagiziga ko Batupuri, ƙura ɗaya suke shaƙa.

Haɗarin da ake gani da wanda ba a gani

Idan aka ce kiyaye haɗari a masana'anta, abin da ke zuwa zuciya shi ne hannun da zarton injin gurza ya kama, dilar da ta faɗo wa mutum, ko gobara, tun da auduga ba ta da wuyar kama wuta. A matatun mai da ke amfani da sinadarin hexane wajen tatso mai daga angurya, tartsatsi ɗaya ya isa ya jawo bala'i. Irin wannan haɗari yana da rana, yana da shaidu, kuma yakan shiga littafi.

Amma alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, sun nuna cewa ba nan ne mafi yawan asarar rayuka take ba. A ƙiyasin da ta fitar a 2023, kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara a duniya ta dalilin aiki. Kimanin 330,000 daga ciki haɗari ne ke kashe su. Sauran, wajen miliyan 2.6, cututtukan da aiki ya haifar ne. Wato abin da ke cin mutum sannu a hankali ya fi wanda ke sare shi nan take yawa nesa ba kusa ba.

A harkar auduga wannan cuta tana da suna, byssinose. Ƙurar da ke tashi daga ɗanyar auduga na ɗauke da ɓurɓushin ganye da dafin ƙwayoyin cuta, kuma ita ce ke ƙuntata hanyoyin numfashi. Alamarta ta farko sananniya ce tun a masaƙun Ingila: ma'aikaci ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi na yi masa wuya a ranar farko da ya dawo aiki bayan hutu, sai abin ya lafa a tsakiyar mako. Idan aka gano da wuri aka janye shi daga ƙurar, yakan samu sauƙi. Idan aka bari shekaru suka tafi, tarin da sarƙewar numfashin kan zauna daram. Shan taba na ƙara tsananta ta. An fi samun ta a sashen buɗe diloli da shiɓar auduga na masaƙu, amma mai aikin gurza ma yana wuni cikin ƙura, ga kuma ƙurar hunturu da ke jiran sa a waje. Ƙara da ƙarar injin, wadda idan ta wuce desibel 85 tana cin ji a hankali, da zafin Garwa da kan zarce digiri 40 a Maris da Afrilu.

Doka tana nan

Ba rashin doka ne matsalar Kamaru ba. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta wajabta wa kowane kamfani ya tanadi sashen kula da lafiyar ma'aikatansa. Umarnin ministan ƙwadago na 26 ga Nuwamba 1984 ya ce duk ma'aikatar da ke da mutum 50 zuwa sama ta kafa kwamitin tsafta da kiyaye haɗari. Dokar 13 ga Yuli 1977 kuma ta ɗora wa hukumar CNPS biyan magani da diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Mai kamfani ne kaɗai ke biyan kuɗin wannan inshora, kashi 1.75, 2.5 ko 5 cikin 100 na albashi, gwargwadon haɗarin sana'ar. Dole ya kai rahoton haɗari cikin kwanakin aiki uku. Idan bai kai ba, ma'aikacin ko magadansa na da damar kaiwa da kansu cikin shekara uku. A 2021 Kamaru ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta OIT, kuma a 2022 ƙungiyar ta sanya aiki cikin aminci da lafiya a jerin haƙƙoƙin ma'aikata na asali.

Manyan kamfanoni irin waɗannan ba su ne aka fi jin tsoro ba a batun takarda. Su ne ke da ɗakin shan magani, da jami'in kiyaye haɗari, da hular kwano da takalman aiki, abin da mai injin niƙa ko mai walda a bakin kasuwa bai taɓa gani ba. Tambayar ita ce, wa wannan tanadi yake kaiwa gare shi, kuma har zuwa yaushe?

Inda gizo ke saƙar

Tsarin lafiyar ma'aikata an gina shi ne a kan mutumin da ke zuwa aiki shekara bayan shekara, wanda likitan kamfani ya san fayil ɗinsa. Ma'aikacin wucin gadi kuwa yakan zo a farkon kaka, ya tsaya a inda ƙura ta fi yawa, ya tafi kafin damina. Idan tari ya kama shi a watan Agusta yana gonarsa, ko yana kabu-kabu a cikin gari, asibitin unguwa zai je. A can za a yi zargin asma ko tarin fuka, kuma da wuya a tambaye shi aikin da ya yi wata shida baya. Cutar ba ta shiga littafin kamfani ba, ba ta isa CNPS ba. A kan takarda, babu wanda ya yi ciwo.

Na biyu shi ne harshe. Allunan gargaɗi da takardun kwantiragi da Faransanci suke, alhali harshen filin aiki Fulatanci ne, sai Hausa da sauran harsunan yankin. Duk malamin makaranta ya san cewa karanta jimla daban, fahimtar ta daban. Matashin da ya bar aji tun a firamare zai sa hannu a takarda ba tare da sanin cewa haɗarin hanyar zuwa aiki ma doka ta lissafa shi cikin haɗarin aiki ba.

Na uku shi ne tsoro. Wanda ke fatan a sake kiran sa baɗi ba zai ce ƙirjinsa na ciwo ba. Sau da yawa ma aikin sauke kaya da shara na hannun 'yan kwangila ne, inda alhaki kan ɓace tsakanin kamfani da wanda ya kawo leburori.

Masu karatu a Najeriya sun ga ƙarshen irin wannan labari. Lokacin da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata sun watse, kuma gwagwarmayar da ta biyo baya ta kuɗin sallama ce, ba ta lafiyar huhu ba. Ganin irin matsin kuɗin da Cicam ta daɗe tana fama da shi, darasin a fili yake: idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da masana'anta ta tsaya, fayil ɗin lafiyar ma'aikaci ne abu na farko da ke ɓata.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kamfanonin ba. Gwajin ƙarfin numfashi, inda mutum ke hura iska cikin ƙaramar na'ura, mintuna kaɗan yake ɗauka. A yi wa kowane ma'aikaci, na dindindin da na wucin gadi, a farkon kaka da ƙarshenta, a ba shi sakamakon a hannunsa tare da lambarsa ta CNPS. A riƙa auna ƙurar da ke cikin ɗakunan aiki: Amurka ta sa wa ƙurar auduga iyaka a masaƙunta tun 1978, cutar kuma ta ragu ƙwarai. A fifita injin zuƙe ƙura a kan takunkumi, domin takunkumin ƙyalle ba ya tare ƙura mai laushi, kuma a zafin Afrilu mutum kan sauke shi zuwa haɓa. A yi bayanin haɗari da baki, cikin harshen da mutane ke ji, a kuma ba 'yan wucin gadi kujera a kwamitin kiyaye haɗari.

Sauran aikin na hukumomi ne da al'umma. Masu sa ido na ma'aikatar ƙwadago su shiga masana'antu a tsakiyar kaka, ba ranar bikin 28 ga Afrilu kaɗai ba. Ma'aikatan jinya a Garwa da Guider su saba da tambayar mai tari, wane aiki kake yi? Gidajen rediyo da limamai su sanar da mutane wa'adin nan na shekara uku. Kamfanin da ke bayyana ton nawa ya gurza a bana, zai iya bayyana mutum nawa ya gwada wa numfashi, da nawa ya janye daga ƙura kafin abin ya zama ciwo.