Fangali Ɗaya A Bayan Ɗaki

Ƙasar Gumel jigawa ce. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, rairayi ne ya fi yawa. Damina kuwa gajeriya ce, ta kan sauka wajen watan Yuni, kafin Oktoba ta yi nisa ruwa ya ɗauke. Gero da wake da riɗi suna yi ƙwarai, amma da rani ya shiga sai ɗanyen ganye ya yi wuya, a koma ga kuka da busasshiyar kuɓewa. Kuka miya ce mai kyau, ba mai raina ta. Duk da haka jikin yaro yana bukatar ɗanyen ganye, gama yana ƙara jini, yana kuma taimakon ido. Saboda haka ya kamata kowane ɗan makaranta ya yi ɗan lambu a gidansu.

Littattafan aikin lambu da yawa sun ce a tara ƙasa a yi fangali mai tudu. To, kafin a bi maganarsu sai a san dalilinta. A Ingila ruwan sama yawa gare shi, ga sanyi, don haka su ke ɗaga fangali, ruwa ya tsiyaye, ƙasa ta yi ɗumi. Wa ke neman ruwa ya tsiyaye a Maigatari cikin watan Maris? Wanda ya tsiba rairayi ya yi shuka a kai, ruwan da ya jawo da ƙyar daga rijiya mai zurfi zai gangare ta gefe, sauran kuma iska ta shanye. Masu noman rani sun daɗe da gane wannan, shi ya sa su ke yin fangalinsu a lotse, su kewaye shi da 'yar kunya. A ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ma manoma su kan haƙa ƙananan ramuka, su zuba taki, su shuka gero a ciki, domin ruwa ya tsaya a gindinsa.

Ba wai fangali mai tudu ba shi da amfani a nan ba ne. Amfaninsa dabam ne. Tsakar gida ta sha taku ta yi tauri, wani wuri kuma rairayi ne zalla, amma mai ɗaga fangali shi ke haɗa ƙasarsa yadda ya ke so. Ruwan watan Agusta kuma ba zai kwanta masa ya ruɓar da shuka ba. Sharaɗin guda ne, a yi masa bango, kada kuma a cika shi fal.

Sai yaro ya zaɓi wurin da hantsi ke samu, inda katanga ta kare iskar hunturu. Kada ya kusanci gindin darbejiya, don saiwoyinta ɓarayin ruwa ne. Ya auna faɗi ƙafa 3, tsawo ƙafa 6. Hikimar wannan faɗi ita ce hannunsa ya kai tsakiya ba tare da ya taka ƙasar ba. Ya kafce wurin, sa'an nan ya jera tubali ko fasassun bulo kewaye, tsayin inci 8 ya isa.

Haɗin ƙasa shi ne babban aiki. Kwando 2 na ƙasa, kwando 1 na taki. Wanda ya taɓa ganin kasuwar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis ya san taki ba ya wuya a wannan ƙasa. Amma lalle ya zama tsoho, wanda ya ruɓe ya yi baƙi, gama ɗanyen taki ƙona saiwa ya ke yi. Rairayi kamar rariya ya ke, takin nan ne ke riƙe masa ruwa. In an zuba, sai a bar kamar yatsa 3 tsakanin ƙasa da bakin bango, watau fangalin ya zama kamar kwano.

Waɗansu iyaye su kan ce, ruwan sha ma da ƙyar, ina na lambu? Maganarsu tana da ƙarfi, kuma ita ce dalilin da ya sa bai kamata mai koyo ya wuce fangali ɗaya ba. Wannan ɗan wuri bokiti ɗaya da safe, ɗaya da yamma ya ishe shi. Ruwan da aka wanke hatsi ko shinkafa ma yana yi, ban da mai sabulu. In aka rufe ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ta kan daɗe ba ta bushe ba, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara. Yaron da zumuɗi ya sa ya yi fangali biyar, kafin mako uku guga ta gajiyar da shi, duka su bushe.

Lokacin farawa shi ne bayan kaka, wajen watan Nuwamba, sa'ad da sanyi ya sauka. A fara da alayyafo da yakuwa, don ba su da wuya. Alayyafo cikin mako 4 ko 5 an fara yanka. Tumatir da albasa su jira sai hannu ya faɗa. Kafin a watsa iri kuwa sai an kafa dangar kara an ƙara da ƙaya, gama akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata guda kafin a tashi daga makaranta.