Shi Likitan Wa Ke Sauraronsa?

Yau na ajiye labarin soyayya, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, in ban amayar da ita ba wallahi ba zan yi barci ba.

Ƙanwata ta yi wata bakwai tana zaryar wani asibiti. Ciwon ƙirji, ciwon kai, ba ci ba barci. An auna jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Ran nan ina tsaye a bayanta likita ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "Hajiya, ke kuma kin dawo? Lafiyarki ƙalau, ki je gida." Ta fashe da kuka. Da ya yi mata tambaya guda, da ya ji cewa jaririnta ya rasu, kwana arba'in ba su cika ba aka sake ta. Daga nan dangi suka ce aljanu ne, aka yi ta hayaƙi da ruƙiyya har akuyoyinta suka ƙare. Sai daga baya wata likita ta zauna ta saurare ta, ta gano ciwon damuwa ne.

Na daɗe ina tsine wa likitan farko a raina, sai ɗan yayata da ke koyon likitancin ƙwaƙwalwa a Ingila ya ce, "Anti, shi ma da ya samu inda zai faɗi dalilin da ya sa ganinta ke ɓata masa rai, da bai yi haka ba." Ya ba ni labarin zaman Balint.

Michael Balint likita ne ɗan ƙasar Hungary da ya koma Ingila. A wajen 1950 shi da Enid, wadda ta zama matarsa, suka fara tara likitoci a asibitin Tavistock da ke Landan, a 1957 kuma ya fitar da littafi a kan aikin. Ra'ayinsa shi ne, maganin da aka fi ba majinyaci shi ne likitan kansa: fuskarsa, muryarsa, yadda ya karɓe ka. Tunda kowane magani yana da ƙa'ida yana da illa, wannan ma dole a koyi yadda ake ba da shi. Likitoci kamar goma za su zauna da jagora, ɗaya ya kawo labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, da ka, ba takarda ba suna. Sai ya ja baya ya yi shiru, sauran su tattauna: me wannan baiwar Allah take ji? Me ya sa ta dawo sau bakwai? Me ya tunzura likitan? A Ingila mai koyon likitancin ƙwaƙwalwa sai ya halarci irin wannan zama kafin ya wuce gaba.

Na san masu cewa, "Likitocinmu da layi ya kai bakin ƙofa, abokansu sun tsere Saudiyya da Ingila, ina suka ga lokacin hira?" To ku lissafa mini: zuwa bakwai da ƙanwata ta yi, da gwaje-gwajen banza, ba lokaci ba ne? Awa ɗaya da rabi a mako ta fi wannan asara? Kuma wanda ya kwana yana ganin gawa, ya wayi gari ba wanda ya ce masa sannu, a kan wa zai huce in ba a kanmu ba?

Wasu za su ce gulmar marasa lafiya ce. Gulma da suna ake yin ta, kuma wanda ba ya nan ake yanka. A nan likitan ne ya shimfiɗa kansa a faifai. Masu cewa al'adar Turawa ce kuwa, mu ne fa muka ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci. Farfesa Adeoye Lambo tun 1954 ya zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, duniya ta zo ta koya a wurinsa.

Mu marubuta ma ban wanke mu ba. Likita a littattafanmu kullum kyakkyawan saurayi ne mai mota, mai taɓin hankali kuma kishiya ce ta yi mata asiri. Ni kaina na rubuta haka, kuma na ji kunya.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Madalla, amma doka ba ta koya wa mutum ɗago kai ya dubi mai kuka. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tana yaye ɗalibai, asibitin Rasheed Shekoni ya zama na koyarwa, ga asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure. Roƙona ga malaman likitoci shi ne su sa wannan zama a jadawalin mako tun ɗalibai na shiga ɗakin majinyata, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ya buƙatar inji daga waje ko kwangila. Ɗaki ne, da kujeru goma, da babban da ya iya yin shiru.

Ƙanwata ta warke, tana sayar da awara a ƙofar gida. Ta yafe wa likitan, ni ce dai har yau nake tunanin matar da ta shiga bayanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu duba su haƙuri. Taku, daga Yalwawa, Dutse.